Wurin Da Na Sa Aka Yanke A Waƙar Burtali

Dukanku kun ga bidiyon nan, wasunku ma sun haddace shi. Kun san wurin da fararen shanu ke tahowa da sassafe, ƙasa na fitar da tururi bayan ruwan sama, ni kuma ina gabansu da farar riga ina waƙa. Daga nan sai hoton ya yi ɗan tsalle, a ga shanun har sun isa tafki suna shan ruwa. Tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ya faru a tsakanin, ni kuma ina ce muku batirin mai ɗaukar hoto ne ya mutu. Batiri bai mutu ba. Ni na sa aka yanke wurin, kuma yau nake son in mayar muku da shi. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ku yi haƙuri da rubutun, ku dubi maganar.

Abin da ya tayar da ni shi ne tambayar da babbanku Nasiru ya yi mini farkon daminar bana, muna tsaye a gona, yana riƙe da igiyar shanun huɗa.

"Baba, wannan filin da ke tsakanin gamba da bayan gawo, don me muke barin ciyawa na cinsa? Ƙasa ce mai kyau, kuma rabon da saniya ta bi ta nan an jima."

Na ce masa ya bari sai mun koma gida. Mun koma gida na share maganar. Na san ran da ƙasa ta rufe mini ido, garma za ta shiga filin nan kafin a yi sadakar arba'in, kuma ba laifinku ba ne, tunda ban taɓa gaya muku na wane ne ba.

Gonarmu ta gado, kamar yadda kuka sani, tana yamma da gari, a kan hanyar Fakku. A gefenta burtali ya bi, wato hanyar da aka bar wa shanu tun kakanni, daga ruga zuwa tafki. Mahaifina ya dasa gamba a jere a kan iyaka, don kowa ya san inda gero ya tsaya da inda kofato ya fara. Gawon nan babba a cikin burtali yake, ba a cikin gonarmu ba. Da rani, idan ya yi ganye ya zubar da 'ya'ya, shanu kan tsaya su ci, makiyaya su jingina sanda su huta. A gindinsa na san Bello. Sa'ana ne, ɗan rugar da ke bayan tudu, mutanen da suka zauna nan tun kafin a haifi kakana, suna noma suna kiwo. Kowace kaka shanunsu ke kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Ba mu taɓa yin wata yarjejeniya ba, haka muka tarar. Bello yana da wani kira da yake yi wa garkensa, ba waƙa ba ce, ba kuma magana ba. Murya ce doguwa da ke hawa a hankali, ta tsaya a sama kamar tana duba gari, sannan ta gangaro hawa uku. Idan ya yi shi da yamma daga bakin tafki, har cikin gida muke ji, mata su dakata da daka. Ni dai tun ina yaro idan na ji shi sai in ji kamar an buɗe wata ƙofa a cikin ƙirjina.

Da mahaifina ya rasu gona ta dawo hannuna, baki ya yi yawa a gida, sai na fara duban burtali da wani ido. Gamba ciyawa ce mai sauƙin kai. Idan ka haƙo tushenta da ruwan farko ka dasa a gaba kaɗan, cikin mako biyu za ta kama ta yi kore, ka rantse nan aka haife ta. Shekarar farko kunya ɗaya na ƙara. Shekara ta biyu na ƙara wata. Maƙwabcina na ɗaya gefen ya ga abin da nake yi, shi ma ya matso da tasa. Cikin damina shida gawo ya shigo cikin gonata, gero ya kewaye shi. Innarku Hajara ce kaɗai ta taɓa tanka mini, wata rana da ta kawo mana fura.

"Malam, da can sai na tsallake gamba nika isa ga gawo. Yanzu ga ni gindinai, ban tsallake komi ba."

Na ce mata rana ce ta buge ta. Ta aje ƙwarya, ta dube ni, ta koma gida.

Bidiyon kuwa wata gasa ce ta jawo shi, a rediyo na ji ta, wata azahar ina kishingiɗe a rumfa tsakanin barci da ido biyu. Wata ƙungiya ce ke neman waƙa a kan haƙƙin ɗan Adam, da bidiyonta, da kowane harshe mutum ya ga dama. Ni mawaƙin gayya ne kawai. Idan an taru noman wani, ni ke ba da waƙa manoma na amsawa, ladana goro da tuwo mai zafi. Shekaruna sun kusa hamsin, ban taɓa jin muryata ta fito daga cikin wata na'ura ba. Amma ranar nan da mai sanarwa ya gama, sai na ga kaina a wani babban ɗaki mai fitilu, mutanen da ban sani ba suna shiru saboda ni. Na ga sunan garinmu a rubuce a talabijin. Kwana da kwanaki ina yawo da wannan ɗakin a kaina, ina sallar la'asar ina ganin fitilunsa, Allah ya yafe mini.

Na yi tunani, kowa zai yi waƙar makaranta da asibiti. Ni kuwa na sha jin malamai na wa'azi a kan haƙƙin hanya, sai na ce ita zan yi wa waƙa. Karin waƙar bai ba ni wahala ba. Ina cikin shema a gona da yamma Bello ya yi kiransa daga tafki, sai kalmomi suka zo suka zauna a kan muryarsa kamar tsuntsaye a reshe.

Hanya ba ta mutum guda ba ce,
Wanda ya riga ka ya bar maka ita,
Ka matsa kaɗan mai zuwa ya wuce,
Ruwa na can yana jiran kowa.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro a kaina har yau. Na yi mako uku ina gyara waƙar nan, ina rera ta a tsakiyar kunyoyin da na ɗebo daga burtali, kuma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa ta da gambata ba. Idan na ce a matsa, wasu mutane nake gani, masu manyan motoci da manyan riguna, can a birni. Har ƙwalla na yi saboda tausayin waɗanda ake tare wa hanya.

Na hau babur zuwa Tambuwal wurin Sahabi, wani mai ɗaukar hoton biki da suna, mutum mai tumbi da yawan dariya. A ƙuryar shagonsa, inda ya rataye barguna a bango don kada ƙarar titi ta shigo, na rera waƙar ya ɗauka. Da ya kunna mini na ji muryata ta fito daga akwati, sai da na dafa bango. Ya ce waƙa ta yi, amma hoto sai da shanu na gaske, garke guda, ni a gaba su a baya. Na ce wannan ba matsala, ina da aboki.

Na sami Bello yana ɗaure maruƙa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai da ya zauna ƙasa don dariya.

"Ummaru, kai da ko akuya ba ka iya kora, yau kai ad da waƙar shanu?"

Na kunna masa a waya. Bai kai rabi ba ya ɗaga yatsa ya ce wannan ai kiransa ne na sa wa riga. Na ce aro na yi. Ya ce ba komai, dama a iska yake zubar da shi. Amma da ya saurari kalmomin har ƙarshe, sai dariyar ta tafi. Ya daɗe yana dubana, ni kuma na ɗauka daɗin waƙa ne ya kama shi. Ya tambaye ni ta wace hanya za mu bi, na ce burtali mana, ta gefen gonata, inda gawo zai fito a hoto.

"Ba su shiga nan gaba ɗaya," in ji shi. "Na daɗe uku-uku, huɗu-huɗu nika wuce da su."

Na ce masa mai hoto garke guda yake so, uku-uku ba za su yi kyau ba. Ban tambaye shi me ya sa ba su shiga ba. Ya kaɗa kai ya ce to, tunda ni na roƙa.

Safiyar da muka yi ɗaukar, ban taɓa ganin irinta ba. An yi ruwa da asuba ya ɗauke. Gero ya kai ƙirji, kowane ganye da ɗigon ruwa a bakinsa. Tururi na tashi daga ƙasa har ba ka ganin ƙafafun shanu, sai ka ce a kan gajimare suke tafiya, ƙahoninsu na lilo a hankali. Gawo ya tsaya tsirara ba ganye, kamar yadda yake yi da damina, farin jikinsa na sheƙi. Sahabi na tafiya da baya-baya da kyamara a kafaɗa, waƙar na fita daga wani ɗan rediyo da ya rataya a wuya, ni ina bin ta da baki, na buɗe hannuwa. Ina jin numfashin shanu a bayana, da ɗumin jikinsu. Na manta da Sahabi, na manta da gasa. Na ji kamar ni ne mutumin da waƙar ke faɗi, mai faɗin zuciya, wanda ke matsawa kowa ya wuce.

Sai muka iso inda gambata da ta maƙwabcina suka kusa haɗuwa. Shanun gaba suka tsaya, na baya suka turo. Ƙaho ya fara bugun ƙaho. Wata farar karsana da aka matse ta rasa inda za ta sa ƙafa, ta tsallake gamba ta faɗa cikin gerona, biyu suka bi ta. Na ji ƙarar karan gero na karyewa. Ban san lokacin da na sunkuya na ɗebi hoge ba. Na jefi karsanar a ido, na bi ta da gudu da farar rigata, ina zagi. Na juyo kan Bello, a gaban ɗiyansa biyu da ke taya shi kora, na ce masa abin da ban taɓa ce masa ba tun muna yara. Na ce su makiyaya dama haka suke, ba su san wahalar noma ba, sai ɓarna. Na ce zan kai shi gaban hakimi. Duk wannan, rediyon da ke wuyan Sahabi bai daina ba, muryata na ta rera ka matsa kaɗan mai zuwa ya wuce.

Bello bai ɗaga murya ba. Ya shiga ya fito da karsanar, ya shafa mata ido da gefen rigarsa. Sannan ya nuna gawo da sandarsa.

"Ummaru, gindin wanga icce munka san juna, kuma cikin hanya yake ran nan. Icce ba ya tahiya."

Ya raba garken uku-uku, ya wuce da su. Sahabi ya bi su tafki ya ɗauki sauran.

Bayan kwana biyu na koma Tambuwal don a haɗa bidiyon. Sahabi ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya kunna daga farko. Na ga tururin, na ga shanun, na ga wani mutum mai farar riga da fuska kamar ta waliyyi. Sai na ga fuskar nan ta murɗe. Ban taɓa ganin kaina ina fushi ba. Bakina ya karkace, jijiyar wuyana ta fito, ga hoge a hannuna, ga waƙa na tafiya a kai. A bayan hoton kuma ana ganin layin gamba sarai, yadda ya lanƙwaso ya rungume gawo, abin da ido ba ya gani idan kana tsaye a ƙasa kullum. Sahabi bai yi dariya ba ranar. Ya tsayar da hoton daidai inda Bello ya ɗaga sanda.

"Malam Ummaru, in kana biya tawa, wanga wuri shi a waƙar. Amma naka na. In yanke ko in bari?"

Na daɗe ina duban sandar nan a tsaye cikin iska. Na san abin da ya kamata. In ce ya bari, in koma gida in ɗauki fartanya. Amma ɗakin nan mai fitilu ya dawo mini, na ga mutanen cikinsa suna nuna ni da baki. Na ce ya yanke. Bai ɗauki ko minti ɗaya ba. Na yi mamakin yadda abin ya zo da sauƙi, kamar dasa gamba.

Ban zo na ɗaya ba. Amma an yaba, an aiko mini da takardar nan da ke rataye a zaure, an kuma sa waƙar a rediyo har sau da yawa. Babban ɗakin ban taɓa shigarsa ba, Sahabi ne ya karɓo takardar a Sakkwato. A gari kuwa na zama abin nuni. Ranar kasuwar Kebbe mutane na tsayar da ni suna cewa ga mai waƙar hanya. A nan kasuwar na haɗu da Bello, karo na farko tun ranar. Wani ya miƙa masa waya ya ce ya ga shanunsa. Ya kalla har ƙarshe, mutane sun kewaye mu. Da aka zo wurin tsallen, sai ya ɗan murmusa.

"Waƙa ta yi daɗi, Ummaru. Ashe shanuna sun iya tashi sama, ban sani ba. Ga su nan, ga su ga ruwa."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Bello bai tona ni ba, ran nan ko bayanta.

Na yi niyyar mayar da gamba, Allah shaida ne. Na ce bari a girbe gero tukuna. Da aka girbe na ce ƙasa ta bushe, sai ruwan farko. A kakar nan shanun Bello ba su kwana a gonata ba, kara ya tsaya har gara ta ci. Kafin ruwan farko ya zo, ya kwashe iyalinsa da garkensa zuwa wajen dangin matarsa, can gaba da Kebbe, inda ya ce har yanzu saniya na tafiya ba ta goga kafaɗa da 'yar'uwarta ba. Ya zo sallama har ƙofar gida. Muka zauna a kan tabarma, maganar na cikin bakina kamar tsakuwa, amma sai na tambaye shi ko yana ganin damina za ta yi kyau. Ya ce sai abin da Allah ya yi. Ku kuma da kuka tambayi inda Bappa Bello ya tafi, na ce muku ciyawa ya bi. Innarku na jin haka ta tashi ta shiga ɗaki.

Damina biyu bayan nan aka aiko cewa ya rasu. Na hau babur na je gaisuwa. Matarsa ta yi mini magana daga bayan zana, ta ce ai kullum ana jina a gidan, don marigayi kan kunna waƙar da yamma, shanu su ɗago kai suna neman mai kiransu. Ta ce yakan ce abokinsa ya fi kowa sanin gaskiya, sai dai a waƙa yake aje ta. Ba da zafi ta faɗa ba, ita a ganinta yabo ne take isar mini. Na fito na tsaya a bakin garke. Farar karsanar nan ta zama uwa, idonta ɗaya ya yi fari.

Da na dawo, ruwan farko na sauka na ɗauki fartanya ni kaɗai, na haƙe gamba tushe bayan tushe, na mayar da ita inda mahaifina ya dasa. Kwana huɗu na yi. Ta kama ta yi kore kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Sai dai hanya ba ta buɗe da mutum ɗaya. Masu gonakin sama da na ƙasa duk sun matso, wasunsu da ni suka yi koyi, rugar bayan tudu kuma ta watse gida bayan gida. Abin da ya rage na burtali shi ne wannan ɗan filin da Nasiru ke tambaya, ba ya fitowa daga ko'ina, ba ya zuwa ko'ina.

To ga amsarka, Nasiru, ku ma sauran ku ji. Kunya shidan nan da gawon ba su cikin gado. Kada alƙali ko dattijo ya auna muku su. Na san ƙasa ce mai kyau, ni na fi kowa sani, na ci geronta shekara da shekaru. A cikin gwangwanin da nake aje takardun gona akwai ɗan katin waya naɗe a leda. Sahabi bai zubar da wurin da ya yanke ba, ya kawo mini shi da kansa bayan rasuwar Bello. Ku taru ku kalla, har da jikokina, kada ku tsallake ko'ina. Ku ga fuskar ubanku yadda take ran nan, sannan in kun ga dama ku bar takardar yabon a zaure.

Yanzu ƙafa ta yi nauyi, amma idan an yi ruwa da asuba nakan lallaba in je in zauna a gindin gawo. Ciyawa ta yi tsawo a wurin, tana kai mini ƙugu. Idan tururi ya taso ya rufe gonakin sama da na ƙasa, ba a ganin inda hanya ta toshe, sai ta zama doguwa kamar da. Nakan zauna a gefe, in naɗe ƙafafuna, in bar tsakiya a buɗe.